Wanda ya tsargu, da shi nake

Akwai wani bawan Allah da kwana biyun nan ya cika mana kunne da cewa ya "ƙera" wa WezTerm filogin, wato ɗan ƙarin shiri da ake jona mata don ta ƙara wani aiki. Ba zan kama suna ba. Ya san kansa, kuma ya san inda ya samo.

Ga wanda bai sani ba, WezTerm tagar umarni ce da Wez Furlong ya rubuta da Rust, ana saita ta da yaren Lua. Daɗinta shi ne tana da ƙugiyoyi: ka rataya ɗan aikinka a jikin wata aukuwa da wezterm.on, duk lokacin da abin ya faru sai a kira aikin naka. Ana kunna WezTerm ɗin, gui-startup. Za a rubuta sunan shafi, format-tab-title. Tun 2023 kuma aka sa wezterm.plugin.require, wanda da adireshin Git (ma'ajiyar da masu rubuta shiri ke ajiye aikinsu) kawai za ka jawo aikin wani cikin saitinka, sunansa na nan, hakkinsa na nan. Layi ɗaya ne tak. Ga halal a buɗe, amma wani sai da ya haura katanga.

Ni dai na san abin da na sha. Buri na ƙarami ne, in ga sunan reshen Git, wato layin aikin da nake kai, a kan kowane shafi. Na kira git ta wezterm.run_child_process a cikin format-tab-title, sai kuskure ya watso mini. Na danna Ctrl+Shift+L na zauna ina karanta saƙon har aka yi kiran assalatu. Ashe wannan ƙugiyar ba ta jira, dole ta ba da amsa nan take don kada taga ta daskare, shi ya sa aka hana kiran wani shiri daga cikinta. Dare uku na yi kafin in gane cewa shel ɗin, wato shirin da ke karɓar umarni a cikin tagar, shi ne ya kamata ya turo sunan reshen da kansa, ta wani saƙo na musamman mai suna OSC 1337 SetUserVar, a naɗe cikin tsarin rubutu na base64, ni kuma in ɗauka daga user_vars. A wurin, cikin filogin ɗin da na rubuta, na bar wa kaina tunatarwa da Hausa: "kar a kira git a nan, ba ya jira."

Malam, wannan layin yana nan a init.lua, babban fayil ɗin filogin ɗinka. Ka goge sunana daga lasisin MIT, wanda babban sharaɗinsa shi ne a bar sunan mai abu, ka sauya sunayen ayyuka biyu, amma ka manta da Hausata. Kayan aro ba ya rufe katara.

Wallahi da iyakarta ke nan da na yi shiru, don dama na saka shi ne a ɗauka. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yaron nan da ya tambaye ka me ya sa sunayen shafukansa suka ƙi canzawa bayan ya saka "naka". Ka ce masa kwamfutarsa ce ba ta da ƙarfi, ya sauke ya sake sakawa. Yaro ya ƙona data sau biyu a banza. Alhali matsalar a fili take: yana da tasa ƙugiyar format-tab-title a saman fayil ɗinsa, kuma WezTerm ta farko kaɗai take kira a wannan aukuwar, sauran ko kallo. Duk wanda ya rubuta abin da hannunsa ya san wannan, domin ya taɓa cin karo da shi. Minti biyu ya ɗauke ni in nuna masa, har yanzu kuma yaron yana zaton kai ne gwanin.

Yanzu na ji ana cewa za ka koma kitty, wata tagar umarnin, za ka "koyar" da yadda ake rubuta ƙananan shirye-shiryenta, kittens, da yaren Python. To, waccan ta Kovid Goyal ce, ƙugiyoyinta daban, on_close da on_focus_change ba Lua ba ne, kuma ban rubuta komai a kanta ba balle ka samu na kwasa.

Ban nemi ka yabe ni ba, ban nemi ko sisi ba. Ka mayar da layin lasisin yadda ka same shi, sannan ka koma wurin yaron ka gaya masa kwamfutarsa lafiyarta ƙalau.