Samari, ku daina cinikin biri a sama

Daren jiya na biya wani shagon gem (wasan bidiyo) a Samaru don in kira ƙanena, sai na tarar da wani yaro da bai wuce shekara 19 ba, ya riƙe pad, abin sarrafa wasan, yana huci. Wata uku yana tara kuɗi, har da wanda aka ba shi na makaranta, ya sayi sabon wasa saboda bidiyon tallarsa da ya gani a YouTube. Da aka kunna, kwaltar da ke sheƙi bayan ruwan sama babu ita, hasken fitilu ya dushe, titin da ya gani maƙil da jama'a ya koma fayau. Sai maimaitawa yake, "Wallahi ba haka na gani ba." Na ce masa, yaro, ai talla ka gani, ba wasa ba.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Ku ga bidiyon minti biyu, jikinku na rawa, ku zuba kuɗi. Fankan-fankan ba shi ne kilishi ba! Kuma lamarin ba yau ya fara ba. A 2012 kamfanin Ubisoft ya nuna wasan Watch Dogs a bajekolin E3 na Amurka, kowa ya riƙe baki. Da wasan ya fito a 2014 sai aka ga hoton ya ragu, har wasu masu kwamfuta suka tono saitin wancan kyakkyawan hoto a ɓoye cikin fayilolin wasan. The Witcher 3 da ya fito a 2015, masu shi da bakinsu suka amsa cewa bai kai yadda aka nuna shi a 2013 ba. Aliens: Colonial Marines kuwa sai da ta kai masu shi kotu, kamfanin Sega ya yarda zai biya dala miliyan 1.25. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 yana sarƙewa a na'urar wasa ta PS4, har Sony mai na'urar ta cire shi daga shagonta ta mayar wa mutane kuɗinsu. Gemun wasu ya sha kamawa da wuta a gabanku, me ya hana ku shafa wa naku ruwa?

Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne. Ɗan yanki kaɗan na wasan ake ɗauka a ƙawata shi, a kunna a kan kwamfuta mai ƙarfin gaske. Lokacin da aka nuna Watch Dogs ko sanar da PS4 ba a yi ba. In aka zo ɗora gari sukutum a kan na'urar da ke ɗakinka, dole a rage haske da inuwa da hayaƙi da yawan mutane, in ba haka ba wasan ya dinga tsayawa. Su sun san da wannan. Kai ne ba ka tsaya ka tambaya ba, kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ban ma taɓo zancen waɗanda ake kiran magariba suna kan pad ba, ko masu sa kuɗi a kan wasan ƙwallo suna cewa nishaɗi ne. Caca sunanta caca.

Amma wannan saurin yarda da talla ya fi damuna, domin ba a gem kaɗai ya tsaya ba. Haka kuke sayen waya, haka takalmi, daga hoto kawai. Kakana in zai sayi babbar riga a cikin birnin Zariya sai ya juya ta, ya duba bayan aikin allurar, ya kai ta hasken rana. Ragon layya sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora. Iyayenmu mata a kasuwar Sabon Gari sai sun murza atamfa sun duba ciki da bai kafin su kwance bakin zani. Ba su yi boko ba, amma ba a yi musu sakiyar da ba ruwa. Ina wannan nutsuwar ta tafi? Mu da ke da intanet a aljihu, haƙurin mako biyu ya gagare mu, mu jira wasa ya fito mu ga yadda yake a hannun waɗanda suka saya.

Har na ja hannun ƙanena muka fito, yaron nan yana nuna wa abokansa tallar wani wasan da sai baɗi zai fito, yana rantsuwa cewa wannan kam sai ya saya. Da ɓacin ran na kwana.