Garin da laka ta cinye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya bacci ya ƙi zuwa ina ta latse-latsen waya sai na faɗa kan hotunan wani kango a ƙasar Turkiyya, Afisa sunan garin, can wajen Izmir, wallahi har aka kira assalatu jikina a sanyaye yake.

Girkawa ne suka kafa shi a bakin teku, daga baya Rumawa suka karɓe ya zama cikin manyan biranen daularsu, jiragen ruwa har ƙofar gari suke zuwa sauke kaya. Filin kallon da suka gina a jikin tsauni yana cin mutum wajen 25,000. Ɗakin gunkinsu Atemis kuwa a shekara ta 356 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) wani ya banka masa wuta don kawai a riƙa ambaton sunansa, kun ga masu neman suna ko ta halin ƙaƙa ba a TikTok suka fara ba. Mutanen gari suka sake gina shi ya ma fi na da, ginshiƙai 127 na marmara, har ana lissafa shi cikin abubuwan al'ajabi bakwai na duniya. A shekara ta 262 bayan haihuwar Annabi Isa (AS) wasu mayaƙa daga arewa suka afka musu, girgizar ƙasa ma ta sha rusa gari, duk da haka ana zaune.

To me ya tashe su? Laka fa. Wani kogi ne yake gangarowa da yashi da taɓo yana zubawa a bakin tashar jirgin, kaɗan kaɗan, ba wanda zai ce ga ranar da abin ya faru, sun sha yashe tashar kamar yadda ake yasar rijiya amma tana sake cikewa, har teku ta ja baya wurin ya koma fadama, sauro ya samu gida zazzaɓi ya shiga mutane, jirgi ya daina zuwa kasuwa ta mutu kowa ya tattara komatsansa. Yau daga kangon zuwa ruwa ya fi kilomita 5.

Nan na tuna hadisin da Manzon Allah (SAW) ya gargaɗe mu kan zunuban da ake rainawa, ya misalta su da matafiya da suka sauka a kwari, wannan ya kawo ƙirare wancan ya kawo, har wutar ta isa ta gasa musu gurasa. Ni dai da kaina nake. Ba ma sata ba ma shan giya alhamdulillahi, amma asuba sai rana ta fito, gulmar group da muke cewa hira ce kawai, ɗan tauye mudu, bashin dubu biyu da ka yi shiru har mai shi ya gaji ya bar maka. Wanne a ciki muka taɓa zama muka yi wa istigfari na gaske? Yaushe rabonka da yasar zuciyarka ɗan uwa?

Shi ɗakin gunkin nan sai da ya ɓace ƙarƙashin taɓo aka rasa ma inda yake, wani Bature ɗan Ingila John Turtle Wood ya shafe shekara 6 yana haƙa kafin ya gano shi a 1869. Yanzu ginshiƙi ɗaya tal ke tsaye, shi ma ɓaraguzai aka harhaɗa aka ɗora, wani tsuntsu dangin shamuwa ya yi sheƙa a kansa.