Sunan yanka yana takarda, sunan kira yana baki

Bara da kaka, bayan an gama kai amfanin gona gida, muka zauna rabon wata gona da ta daɗe a hannun danginmu ba a raba ba. Manyan gidan maza duk sun riga mu gidan gaskiya, mu jikoki ne muka haɗu. Aka buɗe tsohuwar adakar kakanmu, aka zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa, rubutun ajami, ga hatimin alƙali a ƙasa. Liman ya gyara tabarau ya karanta: gona ce wani Yusufu ya saya, ga iyakarta gabas, ga ta yamma, ga shaidu. Wuri ya yi tsit, aka shiga kallon-kallo. Mu dai a iya saninmu mahaifin kakanmu ne ya sayi gonar nan, kuma duk zuri'a da sunan rana muka san shi, don ranar Alhamis aka haife shi, a cikin gida kuma a ce Malam Babba. To wane ne kuma Yusufu? Wani ƙanena har ya fara cewa kada dai gonar aro muke ta ci shekara da shekaru.

Na tashi na shiga cikin gida wajen kakarmu, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga mutumin da idonsu. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, wai yaya sunan Malam Babba na yanka?" Ta harare ni ta ce, "Kai angon nan ba ka da ta ido. Da tsufana za ka sa ni kama sunan suruki?" Na yi ta magiya. Can ta ce, "Wane Annabi ne 'yan'uwansa suka jefa a rijiya?" Kafin in rufe baki ta ƙara da cewa, "Kai a zatonka me ya sa ban taɓa kiran baffanku da wani suna ba sai Abba, alhali ni na haife shi?"

Kun ji fa. Duk mun san sunan baffan namu a takardun aikinsa, mun kuma tashi muna jin kowa na ce masa Abba, amma babu wanda ya taɓa haɗa biyun. Ashe amsar tana yawo a tsakar gidanmu tun kafin a haife mu.

Tun daga ranar nake ta juya maganar nan a raina. Mu Hausawa, da wuya ka sami mutum yana amsa sunan da liman ya raɗa masa ranar suna. Sunan yanka yana nan a ajiye kamar rigar Sallah, wanda ake sawa kullum kuwa daban ne. Turawa suna da wata magana ta mutanen da aka fi sani da sunansu na tsakiya, kuma masu bin diddigin asali a can suna kuka da ita. Mu namu ya wuce na tsakiya, sau tari sunan da ake kiran mutum da shi ba ya cikin takardar ma sam.

Fara da gidajen da kowane ɗa namiji Muhammadu ne. Uba ya yi wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, takwara a ɗan fari, ya sake a na biyu, ya sake a na uku. Da me za a bambanta su? Sai a ƙirga su da Larabci: Auwalu ko Lawal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har a kai Tasi'u da Ashiru in Allah ya yawaita. Wasu kuma a haɗa musu da Bello, Kabiru, Aminu, Sanusi, Nasiru. Dubi sarakunanmu kawai. Sarkin Katsina Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, Muhammadu ne. Sarkin Kano Sanusi na ɗaya Muhammadu, Sarki Inuwa da ya biyo bayansa a 1963 Muhammadu, Sarkin Musulmi Maccido Muhammadu. Wa ya taɓa jin an ce zamanin Sarki Muhammadu aka yi shiru? Sai an tambaye ka wanne. Marigayi Buhari ma haka ne. Duniya ta ɗauka Buhari sunan gidansu ne, alhali nasa ne na kansa, mahaifinsa Harɗo Adamu. Abin da ya fi ba ni sha'awa, Imamu Buharin da ake yi wa takwara shi ma Muhammad ne ɗan Isma'il, Buhara garinsu ne. Wato sunan gari ya zama laƙabin malami, laƙabin ya zama sunan yaro a Daura, yau kuma ya zama sunan zuri'a.

Sai laƙabin da ke manne da suna. Duk Abubakar Garba ne, ko Buba, ko Habu, ko Sadiku. Usman Shehu ne, saboda Mujaddadi Ɗanfodiyo. Umar Faruku ne ko Sanda, Yusuf Maitama, Hauwa Kulu, Zainabu Abu, A'isha Indo, Fatima Binta. Shugaban ƙasa na 1979, cikakken sunansa Shehu Usman Aliyu Shagari: Shehun laƙabi, Usman na yanka, Aliyu mahaifi, Shagari ƙauyensu. Abin da duniya ta riƙe shi ne laƙabin da ƙauyen, sunan mutumin da na ubansa suka maƙale a tsakiya. Ɗan Masanin Kano, wanda ya rasu a 2017, yaro da babba Maitama Sule suke cewa, Yusuf ɗin sai a takardar taro. Gwamnan tsohuwar Kaduna da majalisa ta tsige a 1981, ka shiga kasuwa ka ce Abdulƙadir Musa ka ga ko mutum nawa za su gane Balarabe Musa kake nufi.

Ga sunayen rana, su Ɗanladi, Talatu, Bala, Lami, Jummai, Asabe. Ga na yanayin haihuwa: Tanko namijin da ya biyo mata, Delu ko Kande macen da ta biyo maza, Gambo mai bin tagwaye, Azumi, Auta. Waɗannan ba na wasa ba ne, kowanne labari ne a dunƙule. In ka ji kakanka Gambo ne, ka san akwai Hassan da Husaini a gabansa ko da ba wanda ya taɓa ba ka labarinsu, wataƙila tun suna jarirai suka koma.

Amma uwa uba ita ce kunya. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, mace ba ta kama sunan miji, ba a kama sunan suruki. Yaron da aka yi wa kakansa takwara ya zama Abba, Baffa, Halifa ko Mai Sunan Malam, yarinya ta zama Ummi, Mama ko Walida. Wato sunan da aka fi girmamawa a gida shi ne aka fi ɓoyewa. An sa wa yaro sunan ne don kada ya ɓata, aka kuma hana baki faɗarsa. Muddin tsofaffin gida na raye lissafin ba ya rikicewa, don su sun san wa aka yi wa wa. Ranar da suka kau, sai a bar mu da Abba uku da Ummi huɗu ba mai iya cewa ga inda kowanne ya samo.

Da boko ya zo sai ya ƙara nasa. Yaran farko da aka kai makaranta, da yawa da sunan garinsu aka rubuta su. Sardauna kansa Ahmadu Rabah ne a makaranta kafin ya koma Ahmadu Bello. Tafawa Ɓalewa gari ne, Rimi ƙauye ne, 'Yar'aduwa unguwa ce a Katsina, Malam Aminu Kano kuwa ɗan Malam Yusufu ne. Su manya ne, an rubuta tarihinsu, ba za su ɓata ba. Talakan da aka rubuta da sunan ƙauyensu, jikansa ya tashi a Legas ko Kumasi yana ɗauke da sunan gari a matsayin sunan kaka, shi wa zai warware masa?

Kada wani ya ce wannan rashin tsari ne irin namu. A Jamus ta da, gida guda sai ka tarar duk maza Johann ne, kamar dai Muhammadunmu. Shahararren makaɗin nan Johann Sebastian Bach, wanda aka haifa a 1685, mahaifinsa Johann Ambrosius, yayyensa Johann Christoph da Johann Jacob. A Birtaniya, firaminista Harold Wilson da Gordon Brown duk James ne sunansu na farko, shi kuwa wanda aka sani da James Callaghan, Leonard ne nasa. Boris Johnson Alexander ne, Liz Truss Mary ce. Mahaifin Sarauniyar da ta zo Kaduna da Kano a 1956, Sarki George na shida, Albert ne sunansa na farko. Bambancinmu da su guda ne. A da Jamusawa sun saba a takardunsu na hukuma su ja layi a ƙarƙashin sunan da ake kiran mutum da shi, don wanda zai zo daga baya ya gane. Su ma suna da suna biyu, sai dai sun rubuta duka biyun. Mu kuwa ɗaya muka bai wa alƙali da mai haraji, ɗayan muka bari a bakin tsofaffi.

Shi ya sa mai neman asalin gidansu a ƙasar Hausa yake faɗawa rami biyu. Ko ya raba mutum ɗaya gida huɗu, don ya ga Garba a rasidin haraji, Abubakar a takardar kotu, Sadiku a fasfon aikin Hajji, ya kuma ji Habu a bakin wata gwaggo. Ko kuma ya haɗe mutum uku su zama ɗaya, don kaka da jika da ɗan jika duk suna guda suke amsawa. Na taɓa ganin wata bishiyar zuri'a da wani ya zana da kwamfuta, kyakkyawa da ita har da launi, in ka bi lissafinta sai ka ga wani bawan Allah ya yi shekara ɗari da hamsin yana haihuwa.

Yanzu kuma zamanin fom ne mai gurbi uku: na farko, na tsakiya, na ƙarshe. Tun da aka fito da lambar BVN ta banki a 2014, aka kuma ce a haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa a ƙarshen 2020, abin da da ake yi wa dariya ya zama abin kuka. Mutum ya yi firamare da Sani, ya yi sakandare da Muhammad Sani, ya buɗe asusu da Sani Muhammad, yaron shagon kwamfuta ya juya masa su yadda ya ga dama. Kwamfuta ba ta san Garba Abubakar ne ba, ba ta kuma jin rantsuwa da baki. Sai zaryar kotu, sai buga sanarwa a jarida, dattijo da furfurarsa yana neman shaidar cewa shi ne shi. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma da nasu, don tsarin Faransa yakan sa sunan ƙarshe a gaba, shi ya sa tsohon shugabansu wani ya ce Mamadou Tandja, wani ya ce Tandja Mamadou.

A nan ne nake rabuwa da wasu abokaina 'yan boko da ke cewa a daina laƙabi, a daina kunyar suna, kowa ya tsaya a kan suna ɗaya daga haihuwa har kabari. Ban yarda ba. Kakata da ta ƙi kama sunan surukinta, mutumin da ya yi fiye da shekara sittin a ƙasa, ba duhun kai ne ya hana ta ba. Tarbiyya ce da ba na so a wayi gari babu ita a gidanmu, kuma ba zan ba da ita don jin daɗin kwamfuta ba. Kunya ta hana baki ne, ba ta hana alƙalami ba. Malaman da suka bar mana tarihi, idan za su ambaci mutum sai su kawo sunansa, da na ubansa, da alkunyarsa, da laƙabinsa, da garinsa. Mu da muke yini da waya a hannu, me ya gagare mu? Na sayi littafi mai bango mai ƙarfi, kowane mutum na ba shi layi: sunan yanka, sunan da ake kiransa, dalilin sunan, da wanda aka yi wa takwara. Wannan na ƙarshen ya fi komai amfani, don shi ne igiyar da ke ɗaure jika da kaka.

Inda na sha wuya wajen mata ne. Namiji ko yaya yakan bar suna a takardar gona ko a bayan sunan 'ya'yansa. Mace kuwa ta shigo gida a Amarya, ta zama Maman wane, ta zama Uwargida, ta ƙare a Inna ko Hajiya Babba. Ku gwada yau, ku tambayi yaran gidanku sunan yankan kakarsu ta wajen uwa, ku ga yadda za su yi zuru.

Da na koma wajen kakata da littafina, na ce, "To Hajiya, ita matar Malam Babba fa?" Ta ce Inna kowa yake ce mata, tsararrakinta kuma Delu. Na ce na yanka nake so. Ta ce, "Angon nan so kake ka ga bayana. Na ƙi faɗar na namijin, sai na macen?" Ta yi shiru tana jan carbi, can ta ce in je wajen wata gwaggonmu da ke aure a wani gari, wadda ake ce wa Ummi, in ce ta nuna mini katinta na zaɓe. Duk abin da na gani a rubuce, shi ne.

Asabar mai zuwa zan je in Allah ya kai mu. Na riga na sayi goro da turmin atamfa.