Zinare na gwamnati, rami na mutanen gari

Duk lokacin da rikici ya ɓarke tsakanin kamfanin haƙar zinare da 'yan asalin wani yanki, abin da za ka fara ji shi ne wai mutanen ba sa son ci gaba, ko kuma wasu ne ke zuga su don a ƙara musu diyya. Ni dai ban yarda ba. A yawancin ƙasashe doka ta ce saman ƙasa na mai gona ne, abin da ke ƙarƙashinta kuma na gwamnati. Don haka a babban birni ake sa hannu kan lasisi, mutanen da za a tone musu gona da maƙabarta kuwa su ne na ƙarshen jin labari.

Ku dubi mahaƙar Grasberg a yankin Papua na Indonesiya. Kamfanin Freeport ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Suharto a 1967, ba wanda ya nemi yardar 'yan ƙabilar Amungme, alhali dutsen da aka fasa suna ɗaukarsa tamkar uwa. Shekaru da dama ana zuba dagwalon haƙar cikin kogin Ajkwa, yana gangarawa ƙasar 'yan Kamoro da ke rayuwa da kamun kifi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wanda bai san yadda ake wannan haƙa ba zai ɗauka gungun zinare ake tsinta. Ina! A manyan ramukan nan sai a fasa tan guda na dutse a samu giram ɗaya ko biyu. Ana niƙa dutsen, a jiƙa shi da sinadarin sayanaid, a tace zinaren, sauran tarkacen kuma a tara shi a bayan madatsa. Aikin yana shan ruwa sosai, shi ya sa kusan kowace rigima in ka bi diddiginta a bakin ruwa take ƙarewa.

A Peru, a watan Yunin 2000, wata motar ɗan kwangilar mahaƙar Yanacocha ta zubar da zaiba kimanin kilo 150 a kan hanya ta garin Choropampa. Mutane suka yi ta kwasa da hannu suna kaiwa gida, suna zaton abu ne mai daraja, ɗaruruwa suka kamu da ciwo. To mutanen da suka ga wannan da idonsu, sai kamfanin Newmont, mai mahaƙar ta Yanacocha, ya zo da shirin buɗe wata sabuwar mahaƙa mai suna Conga, wanda zai cinye tafkuna huɗu a kan tsaunukan Cajamarca, yana cewa zai gina musu tafkunan zamani a madadinsu. Wa zai yarda? A zanga-zangar Yulin 2012 mutum biyar suka rasa ransu, daga baya aka jingine aikin. Máxima Acuña, manomiyar da ta ƙi tashi daga filinta duk da shari'o'in da aka ja ta, ta samu lambar yabo ta Goldman, wadda ake baiwa masu kare muhalli, a 2016.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Guatemala. A 2005 'yan ƙabilar Maya na Sipacapa suka bi hanyar lumana, suka kaɗa ƙuri'a, ƙauyuka 11 cikin 13 suka ce ba sa son mahaƙar Marlin. Kotun tsarin mulki ta ce ƙuri'ar ba ta wajabta wa gwamnati komai ba. Aka ci gaba da haƙa har 2017. Kuma fa Guatemala da Peru duk sun rattaba hannu kan Yarjejeniya ta 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda tun 1989 ta ce sai an tuntuɓi 'yan asali kafin a taɓa ƙasarsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙara da nata ƙudurin a 2007. Takarda dai ga ta nan. Amma taron da aka kira bayan an riga an bayar da lasisi, sanarwa ce kawai ake yi wa mutane.

Na san za a ce ai ana samun aiki, hanya, asibiti da haraji. Gaskiya ne, kuma akwai al'ummomin da da kansu suka zaɓi haka, ba na ganin laifinsu. Sai dai aikin da ake baiwa ɗan gari galibi gadi ne da leburanci na lokacin gini, injiniyoyi daga waje ake kawo su. Diyyar ma a kan amfanin gonar da ke tsaye ake lissafa ta, a biya sau ɗaya, ta kuma bi ta hannun 'yan tsirarun shugabanni, gari ya rabe biyu, masu karɓa da masu ƙi.

Ra'ayina, idan "a'a" ɗin mutanen gari ba za ta iya tsayar da aiki ba, to kada a ce sun amince. Kuma kafin a fasa dutsen farko, a tilasta wa kamfani ajiye kuɗin gyaran wurin a asusun da ba ya hannunsa, domin ruwan tsami da ke tsatsowa daga tarin duwatsun yakan ci gaba da gurɓata rafi shekaru aru-aru bayan an rufe mahaƙar.