Yaron da kuke duka don ya kwance rediyo

Shekaranjiya na dawo daga aiki na tarar da rigima a gida, wai autana ya kwance tsohuwar rediyon kaset ɗin kakarsa ya ciro ɗan moton ciki, uwarsa har ta ɗauko bulala. Na ce a dakata tukun mu ga me ya yi da shi. Ashe ya yanka robar ruwa ne ya yi farfela mai fuka-fukai huɗu, ya soka a bakin moton, ya haɗa wayoyin da ɗan ƙwan tocila. Ya ce Baba tsaya ka gani, ya ruga da gudu daga zaure zuwa bakin rijiya, iska na juya farfelar, wallahi sai ga ƙwan nan yana ƙyalli kaɗan-kaɗan alhali babu batir ko ɗaya a jiki. Na tambaye shi ina wutar ta fito, ya ce shi ma bai sani ba, kawai ya ga wani yaro a unguwar Bolari ya yi.

To nan ne abin ya tsaya min a rai. Wannan yaron fa a jarrabawar da ta wuce ya rubuta ma'anar makamashi da Turanci tsaf, ya jero ire-irensa, malami ya ba shi maki cikakke, amma ga makamashin a hannunsa yana sauyawa daga motsin iska zuwa lantarki zuwa haske bai gane shi ba ne. Sai da na zauna a tabarma muka fasa wani moton ya ga maganaɗisu da naɗin wayar tagulla a ciki, na ce masa in ka ba shi wuta ya juya, in kuma ka juya shi ya ba ka wuta. Na ce abin da ake yi a dam ɗin Dadin Kowa ke nan, can ruwan kogin Gongola ne ke juya injin, megawat 40, naka kuma gudunka ne. Ya yi shiru can ya ce to me ya sa ake ɗauke mana wuta, na ce wannan kuma ka tambayi NEPA.

Mu da muka taso muna motar kara da ta langa-langa da jirgin leda mun san in jelar jirgin ta yi gajarta sai ya yi ta wulwulawa ya nitso ƙasa, in ka ƙara tsumma ya daidaita. Babu wanda ya taɓa ce mana wannan kimiyya ce, sunanta wasan banza da yawon bola, kuma a kanta muka sha duka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne furojet ɗin makarantun kuɗi na yanzu. Za a aiko da takarda a ce yaro ya kawo jirgin sama na kwali ranar Litinin, iyaye su kai wa kafinta ko mai zane a biya dubu kaza, a kawo abu fes da fenti da tutar Najeriya, a jera a tebur a ɗau hoto a saka a Facebook, shi kenan an yi kimiyya. Ni ma na taɓa biya, ba zan ɓoye ba. Yaron ko almakashi bai riƙe ba, kuma jirgin ba ya tashi ko taku ɗaya, ado ne kawai. Gara min jirgin takarda da ya naɗe da hannunsa ya jefa ya faɗi sau goma, yana lanƙwasa fiffike yana ƙara nauyi a hanci har ya gano wanne ya fi nisa.

Kuma kar a ce babu kayan aiki, don Allah nawa ne balan-balan? Ka zura zare a tsinken shan lemo, ka ɗaure zaren daga taga zuwa bishiyar darbejiya, ka hura balan-balan ka manna a jikin tsinken ka saki. Iska ta fita ta baya shi ya yi gaba, dokar Newton ta uku ke nan da muka haddace a sakandare ba mu taɓa gani da ido ba, kuma a kanta injin jiragen da ke tashi daga filin jirgin saman Lawanti na Gombe ke aiki. Ni dai abin da ban yarda da shi ba yaro ya kusanci soket, batir ya ishe shi.

'Yan'uwan nan biyu na Amurka, su Wright, masu gyaran keke ne fa, ko jami'a ba su yi ba. Kafin jirginsu ya tashi ranar 17 ga Disamba 1903, na daƙiƙa 12 kacal, sai da suka ƙera akwatin katako suna hura iska a ciki da fanka suna gwada ƙananan fuka-fukai iri-iri. William Kamkwamba na Malawi yana da shekara 14 wajen tara tarkace ya je ya samo kayan da ya haɗa injin iskar da ya kunna fitila a gidansu, lokacin ma ya bar makaranta saboda rashin kuɗi. A Kano ma a 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa helikwafta da tarkacen mota da babur, jaridun duniya suka ɗauka, mu muka yi mamaki na kwana biyu muka wuce.

Jiya da yamma yayarsa ma ta shigo harkar, ta ce fuka-fukai uku za su fi huɗu gudu, suka yi ta musu, na ce ban da ja-in-ja kowa ya yanka nasa a gwada. Har aka kira magariba suna zarya a tsakar gida. Yau da safe na kama shi ya ɗaga kai yana ƙare wa fankar ɗakina kallo, na ce malam ko da wasa.