Buhun taki ba zai buɗe ƙasar da ta toshe ba

Duk shekara da zarar damina ta kankama hirar ɗaya ce a majalisu, daga Kumo har Dukku a jihar Gombe: taki ya yi tsada, ƙasa ta gaji, gonar da a da ake cika rumbu da ita yanzu da kyar take mayar da kuɗin iri. Kuma kowa maganin da yake kawowa ɗaya ne, wai gwamnati ta ƙaro tirelolin NPK da yuriya. To ni ban ce taki ba shi da amfani ba, amma wallahi na daɗe ina ganin muna yi wa ƙasar nan irin abin da ake yi wa mara lafiyan da cikinsa ya ƙulle a yi ta ɗura masa tuwo. Abincin ba shi ne matsalar ba, jikin ne ba ya karɓa.

Ƙasar noma mai lafiya, kusan rabinta ba ƙasa ba ce, ramuka ne ƙanana da ido ba ya gani sosai, ta nan ruwa ke shiga, ta nan iska ke shiga, ta nan saiwa ke ratsawa. Ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabbobi su ne ke ɗaure yashi da laka su zama 'yan dunƙule-dunƙule kamar dambu, tana da gara kuma su yi ta huda hanyoyi a ciki ba dare ba rana ba tare da an biya su ko sisi ba. Ko jigawa ce ko laka ce, wannan kam halitta ce ba mai canza ta. Amma ko za ta zama sakwaf ko ta daskare kamar daɓen siminti, wannan aikin hannunmu ne, kuma babu buhun takin NPK da aka rubuta 15-15-15 a jikinsa da zai buɗe waɗannan ramukan idan sun toshe.

A gonar kawuna ta wajen Deba na fara gane wannan. Shekara da shekaru tarakta yake ɗauka haya ta yi masa haro, kuma da yake masu jira sun fi taraktocin yawa, duk ranar da layi ya zo kanka ranar za a shiga, ko da kuwa daren jiya aka tafka ruwa ƙasa na caɓal. Wata rana bayan ruwa na ɗauki guntun rodi na soka a tsakiyar gonar, ya shiga lafiya lau kamar kamu ɗaya sai ya tsaya cak, na danna da ƙarfina ya ƙi. Muka je bakin iyaka gindin wata ɗorawa inda tarakta ba ta iya kaiwa, rodin nan ya nutse ba gardama. Na ce Kawu ka ga abin da nake faɗa maka? Ya yi shiru, can ya tumɓuko masara guda, saiwarta duk ta kwanta ta bi gefe kamar an shimfiɗa ta a faranti. Ya ce, ɗana, shi ya sa kenan kwana biyar ba ruwa sai ta fara naɗe ganye.

Abin da ke faruwa shi ne faifan haro yana yanka ne a zurfi ɗaya kowace shekara, saman ya niƙe ya zama gari, ƙasan kuma nauyin taya da gogar faifai su shafe shi ya zama faranti mai tauri. Kuma shigar farko a jiƙaƙƙiyar ƙasa ita ce ke yin mafi yawan ɓarnar. A baƙar lakar nan tamu da ke tsattsagewa da rani, wadda a da aka san ta da auduga, abin ya fi muni, don idan aka taka ta tana jiƙe murjewa take kamar yumɓun maginin tukwane, in ta bushe kuma sai fartanya ta yi ta ƙara a kanta.

Sai kuma abin da muke yi bayan girbi, wanda a ganina ya ma fi tarakta illa. Kara a kwashe a yi danga ko a sayar, harawa a ɗaure a kai kasuwa, karmami dabbobi su lashe, ɗan abin da ya rage kuma lokacin sharar gona a tara a cinna masa wuta. Ƙasa ta kwana tsirara wata shida ko bakwai, hunturu ya share samanta, rana ta gasa ta, sannan ruwan farko ya zo da ƙarfinsa da iska ya sauka kai tsaye. Ɗigon ruwan sama yana da duka fa, farfasa dunƙulen ƙasa yake, garin ya toshe ramukan sama, in ta bushe ta yi ɓawo, shi ya sa wani lokaci za ka ga gero ya tsiro amma ya kasa huda ƙasa ya fito. Yi lissafi ka gani: ruwan milimita 1 a kan hekta guda lita 10,000 ne. Ruwa mai kyau na milimita 30 kenan lita 300,000 ya zubo maka kyauta a hekta ɗaya, idan rabinsa ya gangara, ba ruwan kaɗai ya tafi ba, ya tafi da saman ƙasar da sai an yi ɗaruruwan shekaru kafin santimita ɗaya ta samu, ya kuma tafi da takin da ka ci bashi ka saya. Sai mutum ya ce taki jabu ne. Wani lokacin jabun ne, amma sau da yawa yana can cikin kwari.

Maganar shanu kuwa baki biyu gare ta. Iyayenmu har dawa suke ba Fulani don su sauka a gona da rani, saboda inda aka yi mashekari shekara uku ana cin moriyarsa, ƙasar ta yi laushi ta riƙe danshi. Amma jeka bakin mashaya ko burtalin da aka matse ya zama siriri ka ga yadda kofato ya mayar da wurin fako. Yawa da lokaci ne ke raba alheri da ɓarna, kuma rigimar manoma da makiyaya ta sa mun yi asarar alherin mun rage da ɓarnar.

Yanzu mu zo kan itatuwa. Duk wanda ke bin hanyar Bauchi zuwa Gombe ya san buhunan gawayi da ke jere a bakin titi, kuma ba daga sama suka faɗo ba, ƙirya ce da marke, itatuwan da ke daɗewa kafin su girma. Mutane suna ɗauka amfanin bishiya inuwa ce da 'ya'ya, alhali babban aikinta a ƙarƙashin ƙasa yake: saiwarta na fasa wannan farantin da tarakta ta yi, in saiwar ta mutu ta ruɓe ta bar hanyar ruwa, ganyenta kuma ya rufe ƙasa ya tare dukan ruwa. Gawo ma ya fi kowa iya zama da manomi, da damina yake zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, da rani ya yi kore. Amma mai tarakta ba ya son kututture, don haka kafin ya shigo sai an tumɓuke komai har sabara da kalgo, gona ta zama fili fetal kamar filin ƙwallo, mu kuma muna kiran wannan ci gaba.

Kwazazzaban da ke cin gidaje a cikin garin Gombe, kowa ya san rashin magudanai da gine-gine barkatai da yanayin yashin wurin suna da hannu, ban musa ba. Sai dai wani ɓangare na ruwan da ke isowa da wannan fushin ruwa ne da ya kamata a ce ƙasa ta shanye shi tun a tudu. Aikin NEWMAP da ACReSAL, shirye-shiryen gyaran ƙasar da ta lalace da Bankin Duniya ya tallafa wa, da aka yi a kan wasu kwaruruka abin a yaba ne, haka shirin dashen itatuwa na 3G da Gwamna Inuwa Yahaya ya ƙaddamar a 2019. Inda nake da ja shi ne yadda muke auna nasara, kullum lissafin shi ne guda nawa aka dasa, buhu nawa aka raba. Wa ke komawa bayan shekara uku ya ga nawa suka tsira daga awaki, ko ya zuba ruwa a ƙasa ya ga ko tana sha? Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 suka kama wata hanya mai araha, ba dashe ba, kawai idan kututture ya yi toho a gona sai a bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi a sassabe sauran, da haka miliyoyin hekta suka sake yin itatuwa. Saiwar tana nan a ƙasa da ranta, ba ta buƙatar ban ruwa.

Na san abin da za a ce min, kuma gaskiya ne: mai sharhi yana zaune a gari yana cewa a bar kara a gona, alhali karan nan kuɗin makarantar yara ne, kuma in ka bar shi wani ne zai zo da dare ya kwashe. Wanda ya karɓi gona haya ta shekara ɗaya me zai sa ya rena gawon da sai bayan shekaru zai amfana? Barin gona ta zama saura ta huta kuwa ya zama tarihi tunda gado ya rarraba ta. Kuma ba zan ce mutum mai hekta goma ya koma fartanya ba. Amma akwai abin da ba ya cin kuɗi: kar a shiga da tarakta ƙasa na jiƙe, kar a yi haro sau biyu inda ɗaya ya isa, a ja kunya a gicciye ba a bi gangare ba, a bar layin gamba a iyaka, a daina wutar shara. Masu feshin maganin ciyawa su shuka ba huɗa su ma suna kan hanya, muddin za su bar matacciyar ciyawar ta rufe ƙasa maimakon su bi ta da ashana. Mutanen Tula a kudancin Gombe da ke jera duwatsu a jikin tsauni suna tare ƙasa tun kaka da kakanni ba wani bankin da ya koya musu.

Kawu dai bai daina haro ba, ya ce ƙarfinsa ba zai kai ba, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da ya yarda da shi shi ne ɓangaren gangaren ya koma garmar shanu, ya kuma hana yara cire toho guda bakwai na gawo da kalgo da suka fito, har ya ɗaura musu tsumma ja don kar mai tarakta ya bi ta kansu. Rodin nan kuma ya karɓe ya ajiye a bukkar gona, ya ce in ruwan Agusta ya sauka zai sake sokawa ya gani.