Harajin taro da taurin kan Landan: yadda Ingila ta ƙera wa kanta 'yan tawaye a Amurka

Wanda ya riski zamanin fam da sule ya san taro, kwabo uku kenan, rabin sisi. To taron nan shi ne harajin da Ingila ta bari a kan kowace laba ta ganyen shayi da ake shiga da shi yankunanta 13 na Amurka, kuma in ka tare mutum ka tambaye shi me ya haddasa yaƙin 'yancin Amurka, amsar da za ka ji ita ce haraji. Ni dai ban gamsu ba. Mutanen da ke da gonaki da jiragen ruwa da bayi ba za su tari bakin bindiga a kan taro ba. Abin da na gani a tarihin nan shi ne gwamnati ce da ta kasa bambance mai ƙorafi da ɗan tawaye, ta yi ta yi wa masu ƙorafi kallon 'yan tawaye har sai da suka zama.

Bari dai a yi wa Landan adalci tukuna, sabida ba haka kawai ta tashi da neman kuɗi ba. A 1763 aka gama yaƙin shekara bakwai da Faransa, Ingila ta ci nasara ta karɓe Kanada, amma bashin da ke kanta ya kusa ninkawa, ga shi kuma ta yanke shawarar ajiye sojoji wajen 10,000 a Amurka. Talakan Ingila a lokacin yana biyan harajin da ya fi na ɗan Boston nesa ba kusa ba. In kai ne ke riƙe da baitulmali kai ma za ka ce, to ai ku aka kare daga Faransa, ku kawo naku. Maganar tana da kan gado. Inda aka ɓata shi ne hanyar.

A 1765 majalisar dokokin Ingila ta fito da dokar kan sarki, wato duk jarida, takardar kotu, lasisi, kai har katin karta, sai an buga mata hatimin da aka biya kuɗinsa. Ka duba fa su wa wannan doka ta fi taɓawa: lauyoyi, masu buga jarida, 'yan kasuwa, daidai mutanen da ke da baki da alƙalami. Su kuma suka ce ba yawan kuɗin ne damuwarsu ba, su Turawan Ingila ne kamar kowa, kuma Baturen Ingila ba a ɗora mishi haraji sai da yardar wakilinsa, su ko ba su da ko mutum ɗaya a majalisar Landan, suna da nasu majalisun da suka saba yanka musu haraji shekara da shekaru. Landan ta ce ai garuruwa irin su Manchester da Birmingham ma ba su da ɗan majalisa na kansu amma ana ɗaukar an wakilce su. Haba, Manchester da ke nan kusa za a haɗa da mutanen da sai jirgi ya yi wata ɗaya ko biyu a teku kafin saƙonsu ya iso? A Boston aka rataye mutum-mutumin Andrew Oliver da aka naɗa ya sayar da kan sarkin, aka farfasa gidan mataimakin gwamna Thomas Hutchinson, 'yan kasuwa suka ƙaurace wa kayan Ingila, a Maris 1766 aka soke dokar. Amma a rana guda majalisar ta kafa wata dokar da ke cewa tana da ikon yi musu doka a kan komai da komai. An ba su da hannun dama an karɓe da hagu kenan, kuma duka ɓangarorin biyu suka ɗauki darasi mara kyau: 'yan Amurka suka gane in an yi bore Landan na ja da baya, 'yan majalisa kuma suka ƙudura ba za a sake kunyata su ba.

Daga nan sai harajin Townshend (sunan ministan kuɗin Ingila na lokacin) na 1767 a kan gilashi, fenti, dalma, takarda da shayi, da nufin a riƙa biyan gwamnoni da alƙalai albashi daga ciki, ma'ana majalisun yankunan su rasa igiyar da suke jan gwamna da ita. Da hayaniya ta yi yawa sai aka jibge sojoji a Boston a Oktoban 1768, garin da mutanensa ba su wuce 16,000 ba. Sojan nan albashinsa ba ya isarsa, in ya tashi aiki sai ya shiga neman ƙwadago a farashi mai arha yana ƙwace wa 'yan gari abinci a baki, to yaya za a yi zaman lafiya? Daren 5 ga Maris 1770 gungun mutane suka taso wani soja mai gadi a gaba a ƙofar ofishin kwastan, ana jifa da dunƙulen ƙanƙara da sanduna, aka kawo mishi ɗauki, sojoji suka buɗe wuta, mutum biyar suka mutu, cikinsu har da Crispus Attucks, ma'aikacin jirgin ruwa mai jinin baƙar fata da na 'yan asalin ƙasar.

Abin da ya biyo baya shi ne hujjata ta farko. An gurfanar da sojojin a kotun Boston, kuma lauyan da ya tsaya musu John Adams ne, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na biyu. Aka wanke Kyaftin Thomas Preston, shugaban sojojin, da sojoji shida, biyu aka same su da laifin kisa ba da niyya ba aka yi musu lalas a babban yatsa aka sake su. Gari bai kama da wuta ba. Landan ta soke harajin Townshend ta bar na shayi kawai, kasuwa ta dawo, aka yi wajen shekara uku abubuwa sun lafa in ka cire ƙona jirgin kwastan Gaspee a 1772. Mutanen da ke neman ɓallewa ko ta halin ƙaƙa ba haka suke yi ba.

Sai aka zo kan shayi, kuma abin dariya dokar shayi ta 1773 sauƙaƙa farashi ta yi. Kamfanin East India ne ya kusa durƙushewa, shayi jibge a sito ba mai saye, gwamnati ta ba shi damar kai wa Amurka kai tsaye ta hannun dillalan da ya zaɓa, har ya fi na 'yan fasa-ƙwauri da ke shigo da na Holan araha, amma taron nan na maƙale a kai. Gaskiya a cikin masu ihu akwai 'yan fasa-ƙwaurin da kasuwarsu za ta mutu, kar a yaudare mu. A New York da Filadelfiya jiragen shayi juyawa suka yi suka koma ba a zubar da jini ba. A Boston kuwa Hutchinson, wanda ya zama gwamna kuma 'ya'yansa biyu na cikin dillalan, ya kafe a kan jirage ba za su fita ba sai an sauke kaya an biya. Daren 16 ga Disamba 1773 wasu suka yi shigar 'yan ƙabilar Mohawk suka hau jirage uku suka fasa akwati 342 suka tuttule a teku.

Wannan ɓarna ce, ba wani suna da za a sa mata, Benjamin Franklin ma cewa ya yi a biya kamfanin, George Washington bai goyi bayan zubar da shayin ba. A daidai wannan gaɓa Boston ta kusa zama saniyar ware a cikin 'yan uwanta, da Landan ta nemi waɗanda suka aikata ta ƙyale saura da ta ci riba. Sai ta yi hukuncin kan mai uwa da wabi. Daga 1 ga Yuni 1774 aka rufe tashar jiragen ruwan Boston gaba ɗaya har sai an biya kuɗin shayi, ɗan dako da masunci da kafintan jirgi da ba su san hawa ba su san sauka ba duk suka rasa abin yi. Aka karɓe wa Massachusetts, yankin da Boston ke ciki, ikon zaɓen majalisar mashawartan gwamna, aka ce taron gari sau ɗaya ne a shekara, in za a ƙara sai da izinin gwamna, aka ce jami'in da ya yi kisa a bakin aiki ana iya kai shari'arsa wani wuri, sannan aka ɗora soja, Janar Thomas Gage, a kujerar gwamna. Lissafinsu shi ne in sauran sun ga an yi wa Boston aski za su shafa wa nasu gemun ruwa su yi shiru. Ruwan kam sun shafa, amma ba shiru suka yi ba. South Carolina ta aiko da shinkafa, Connecticut ta koro tumaki, majalisar Virginia ta sa ranar azumi da addu'a har gwamna ya rusa ta, a Satumba wakilan yankuna 12 suka hallara a Filadelfiya, Georgia ce kawai ba ta zo ba. Yankunan da kullum suke faɗa da juna a kan iyaka da kasuwa, Landan da kanta ta haɗa musu kai kyauta.

Kar wani ya ɗauka waliyyai nake yabo. Masu kukan wai ana so a mai da su bayi su ne ke riƙe da bayi baƙar fata wajen 500,000, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar, kuma ɗaya daga cikin abin da ya ƙona musu rai shi ne sanarwar 1763 da ta hana su tsallaka duwatsun Appalachia su mamaye filayen 'yan asalin ƙasar. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma rashin tsarkin mai ƙorafi ba ya mai da wautar mai mulki ta zama hikima.

Kuma ba wai ba a faɗa musu ba. Gage da ke wurin, da ya ga yadda dubban manoma suka ɗauko bindiga a Satumban 1774 a kan jita-jita kawai bayan ya kwashe albarushi daga wata ma'ajiya, ya rubuta cewa ko dai a dakatar da dokokin nan ko a turo mishi soja 20,000. Aka ɗauke shi matsoraci. William Pitt, tsohon firaminista, ya nemi a janye sojoji daga Boston aka kada shi, ɗan majalisa Edmund Burke ya yi dogon jawabin sulhu a Maris 1775 shi ma aka kada shi. Manyan Landan sun riga sun yarda cewa waɗannan manoma ne, da sun ga sojojin Ingila masu jan kaya a jere za su arce.

Daren 18 ga Afrilu 1775 sojoji wajen 700 suka fita daga Boston a asirce za su garin Concord su lalata makaman 'yan sa-kai, asirin da kowa ya sani, dan Paul Revere da William Dawes tuni sun hau doki suna tada ƙauyuka. Da asuba suka iske 'yan sa-kai kusan 77 a dandalin Lexington, wani gari da ke kan hanyar, ƙarƙashin Kyaftin John Parker, mutum 77 a gaban ɗaruruwa, kuma sun ma fara watsewa sai aka ji ƙarar bindiga, har yau kowane ɓangare na cewa ɗayan ne ya fara. Takwas suka mutu. A Concord ba su samu abin kirki ba sabida an riga an kwashe, ɗan abin da suka samu suka cinna wa wuta, 'yan sa-kai da ke kan tudu suka hango hayaƙi suka zaci gari ake ƙonawa suka gangaro, aka gwabza a gadar arewa. Komawa gida ita ce masifar: tafiyar kusan kilomita 30 ana harbinsu daga bayan katanga da bishiyoyi da tagogin gidaje, ba dan Lord Percy ya taro su da dakaru da igwa biyu ba da ƙyar wani ya kai labari. Ingila ta rasa mutum 73, 'yan Amurka 49, kafin kwana biyu dubban 'yan sa-kai sun yi wa Boston ƙawanya.

Wata biyu bayan nan, 17 ga Yuni, aka yi na Bunker Hill, sojojin Ingila suka hau tudu sau uku kafin su karɓe shi, shi ma sai da albarushin masu tsaron ya ƙare. Sama da 1,000 aka kashe ko aka raunata a cikinsu, 226 matattu, wai kuma sunan an ci nasara.

Duk da jinin nan, a Yuli majalisar wakilan yankunan da ke zama a Filadelfiya ta rubuta wa Sarki Joji na Uku takardar roƙo, John Dickinson ya tsara ta, suna kiran kansu talakawansa masu biyayya suna neman ya shiga tsakaninsu da ministocinsa. Na sani za a ce ai lokacin sun riga sun kafa runduna sun naɗa Washington kwamanda, wane irin roƙo ne da bindiga a hannu, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai shekara guda cur ta rage kafin su ayyana 'yanci, kuma masu son sulhu irin su Dickinson suna da ƙarfi a majalisar, amsa ko ta fatar baki da ta ƙara musu nauyi a kan masu zafin ra'ayi irin su Samuel Adams. A 23 ga Agusta sarki ya shelanta cewa yankunan sun yi tawaye. Richard Penn da Arthur Lee suka miƙa takardar ga Lord Dartmouth, ministan da ke kula da yankunan, a farkon Satumba, aka gaya musu sarki bai karɓe ta ba, dan haka babu amsa.